Yadda Unguwa Za Ta Karɓi Iyalin da Suka Gudo Har Su Zauna da Gindinsu

Tun daga 2019 mutanen Sabon Birni, Isa, Zurmi da Jibiya suke tsallako iyaka zuwa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda muke kira HCR a nan, ta kwashe wasu zuwa Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da bakin iyaka. Amma da yawa ba su taɓa zama a waɗannan wurare ba. A gidajen mutane suka sauka, a ƙauyukan Gidan Rumji da Madarumfa, kuma maƙwabta ne suka fara ba su ruwa kafin wata motar ƙungiya ta iso. Wannan ba abin mamaki ba ne, don Bagobirin Tsibiri da na Sabon Birni jini ɗaya ne, haka ma Bakatsinen Maraɗi da na Jibiya.

Na daɗe cikin wannan aiki, kuma abin da na gani shi ne tausayi ba ya yi mana ƙaranci, tsari ne yake yi mana ƙaranci. Makon farko kowa na kawo kwano, wata na biyu sai a bar wa gida ɗaya nauyin mutum goma. Ga yadda muke yi don kada mai masauki ya durƙushe, kada kuma baƙo ya koma mabaraci.

Abin da za ku tanada

Mutane ne kayan aiki na farko. Ku haɗa kwamiti na mutum biyar zuwa bakwai, kuma lalle a sami mata biyu ko uku a ciki, ɗaya daga cikinsu dattijuwa ce da ake jin maganarta, irin ungozoma ko shugabar asusun mata. Mafi yawan masu zuwa mata ne da yara, kuma akwai maganar da mace ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba. A sami wanda ya iya rubutu, boko ko ajami duk ɗaya ne. A sami mai babur. A sami na kusa da liman.

Sai littafi biyu: ɗaya na sunayen baƙi, ɗaya na abin da ya shigo da abin da ya fita. Kada ku haɗa su wuri guda, domin na kaya kowa yana da ikon dubawa, na sunaye kuwa sirri ne. Sai waya mai kuɗi a ciki, da lambar mai gari, da ta malamin asibitin CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, mafi kusa, da ta jami'in da ke kula da 'yan gudun hijira a yankinku.

Kayan da za a ajiye a ɗaki guda tun kafin kowa ya zo: tabarmi, gidan sauro, bargo idan da sanyi, jarka mai marufi, buta, tukunya da ludayi, kwanuka, sabulu, tocila, zannuwa da kayan yara, takalman roba, da tsummoki masu tsabta na al'adar mata. Wannan na ƙarshe shi ake yawan mantawa. Sai tiya ɗaya ta awo wadda ba a canza ta, da ma'aunin dantsen yara mai launi uku, wanda ake samu a CSI. Idan babu tabarma, buhun hatsi da aka farke aka ɗinke yana tashi. Idan babu jarka, tulu mai faifai ya isa. Gidan sauro ne kawai ba shi da madadi da damina.

1. Ku fara da ƙofar mai gari

Ko da tsakar dare suka iso, a aika yaro ya shaida wa mai gari ko mai unguwa. Da safe mutum biyu daga kwamiti su raka magidancin, ko uwar idan babu namiji, su gaishe shi. Shi zai kai maganar gaba, ga sarki da magajin gari da jami'an tsaro. Baƙon da mai gari bai san da zuwansa ba, ranar da aka yi sata a gari shi za a fara nunawa da yatsa.

A nan ne za ku ci karo da zargi. Za a ce wane ɗan leƙen asirin ɓarayi ne, musamman idan iyalin Fulani ne, alhali su ma an kashe musu mutane an kore musu shanu. Bincike ba aikin kwamiti ba ne. Wanda ke da hujja ya kai wa hukuma, wanda ba shi da ita ya kama bakinsa. Ku faɗi wannan a fili a gaban mai gari tun ranar farko.

2. Daren farko

A ba baƙo ruwa kafin a sha labari, kuma a wannan daren ma kada a nemi labarin. Gaisuwa ta isa: "Inna, sannu da hanya. Barka da arziki. Ga ruwa, ga wurin kwana, sauran magana sai gobe." Idan akwai wanda aka kashe musu, a yi ta'aziyya yadda aka saba, a tsaya nan.

Wanda ya kwana biyu yana tafiya a daji ba a fara masa da tuwo mai nauyi. Koko ko kunu mai ɗumi, kaɗan-kaɗan, sannan abinci daga baya. Ku duba ƙafafu. Mutane kan iso ba takalmi, tafin ƙafa cike da ƙaya da ƙarangiya, yatsu sun kumbura. Ruwan ɗumi da gishiri a kwano, a jiƙa, a cire abin da ya fito da sauƙi, a bar mai zurfi ga malamin asibiti. Mata su kai mata bayan gida su nuna musu wurin wanka, a ba su zane su canza. Ku kori 'yan kallo daga ƙofar gida. Kuma kada kowa ya ɗauki hoto, balle a sa a Facebook ko WhatsApp da sunan neman taimako. Wanda ya kore su yana da waya shi ma, kuma akwai 'yan uwansu da suka rage a can.

3. Rubuta suna, sannan rajista

Kashegari ko jibi, mutum biyu kawai su zauna da iyalin a cikin ɗaki. A rubuta sunan kowa, kimanin shekarunsa, garin da ya fito, sana'ar da ya iya, mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon da ke shan magani kullum, da wanda ya ɓace a hanya. Ku tambaya a hankali ko duk yaran nata ne. Sau da yawa mace kan riƙo ɗan maƙwabciya a cikin gudu, kuma irin wannan yaro shi ya fi buƙatar a sa masa ido. Maganarsa da ta duk wanda ya ɓace a kai ta ofishin ƙungiyar agaji ta Kuruwa Ruj (Red Cross), su ne suka saba da aikin haɗa dangin da suka rabu.

Littafinku ba rajista ba ce. Rajista ta hukumar gwamnati ce tare da HCR, kuma takardar da suke bayarwa ita ke kare mutum a shingen jami'an tsaro, ita kuma ke sa shi cikin lissafin rabon abinci. Ku binciki rana da wurin da ake yi, ku kai iyalin gaba ɗaya har jarirai, don ana son ganin kowa da ido. Kyauta ce. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya sa suna, ɓarawo ne.

Kuskure biyu na yawan faruwa. Na farko, ƙara yaran gari cikin iyalin baƙi don rabo ya yi yawa. Idan aka gano, mutuncin garin duka ke zubewa, kuma baƙin na gaskiya ke shan wahalar. Na biyu, ajiye takardar a ƙarƙashin tabarma har gara ko ruwa su cinye ta. A sa ta a leda, a ɗauki hotonta a wayar mai ita. Jaririn da aka haifa a nan kuwa a yi masa takardar haihuwa da wuri, tun daga asibiti ko wurin mai gari, domin idan aka makara sai an bi ta kotu.

Idan kuna ɓangaren Najeriya ne, kuna karɓar waɗanda suka gudo daga ƙauyuka zuwa Katsina ko Sakkwato, ƙofar da za ku ƙwanƙwasa ita ce ta hukumar agajin gaggawa ta jiha da sakatariyar ƙaramar hukuma. Sauran matakan duk ɗaya ne.

4. Lafiya, cikin kwana uku

Kada ku jira sai wani ya kwanta. Duk yaro daga wata 6 zuwa shekara 5 a auna masa dantsen hagu, a tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun a sake. Kore lafiya lau. Rawaya a kai shi CSI cikin makon. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a kai shi yau. Sannan a danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, a ƙirga uku, a ɗaga. Idan rami ya zauna a duka biyun, tamowa ce mai tsanani ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba. Abincin leda na gyaɗa da za a ba shi magani ne, nasa ne shi kaɗai. Ku gaya wa uwar haka da taushin murya, don tana da wasu yaran da ke kallonta da yunwa, kuma ku tabbata su ma akwai abin da za su ci, in ba haka ba dole ta raba.

A Nijar tun 2006 doka ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, haka ma awon ciki. Magani kan yanke a asibiti, saboda haka ku ware ɗan kuɗi a asusun kwamiti na sayen magani. A tambayi rigakafi, musamman na ƙyanda, domin ƙauyukan da suka fito sun daɗe ma'aikatan lafiya ba sa iya shiga. Da damina a sa yaran cikin masu karɓar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana bayarwa wata-wata. Mai gudawa a haɗa masa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa a hanyar asibiti.

Akwai magana mai nauyi wadda aikin dattijuwar kwamiti ce ita kaɗai. Wasu matan da 'yan mata an yi musu fyaɗe. Maganin da ke kare mutum daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72 daga lokacin da abin ya faru, shi ya sa ba a jira. Ta keɓe da kowace mace ta ce, "'Yata, in akwai abin da ya same ki a hanya, akwai magani, kuma daga ni sai malamar asibiti." Ba a rubuta wannan a littafi, ba a kawo shi zaman kwamiti.

5. Masauki, ruwa da itace

Zaure ko ajin makaranta na kwana kaɗan ne. Ku nemi kango, ko ɗakin wanda ya tafi ci-rani, ko fili a gefen wani gida inda za a yi gayya a kafa bukka da dannin kara. Iyali su sami ƙofarsu da murhunsu, ko yaya ƙanƙantar wurin. Mata biyu a kan murhu ɗaya, komai kirkinsu, wata guda ya yi yawa. Kada a raba iyali gida-gida don sauƙi, kuma kada a ajiye budurwa ko bazawara ita kaɗai a gidan da babu babbar mace.

A yi magana a fili da mai wurin a gaban shaidu: aro ne ko haya, zuwa yaushe, wa zai gyara idan katanga ta faɗi. A rubuta.

Ma'aikatan agaji suna lissafin aƙalla lita 15 ta ruwa ga mutum ɗaya a rana, da masai ɗaya ga mutum 20. Ku yi wannan lissafin da rijiyarku ko famfonku kafin layi ya fara haifar da faɗa. Idan ana biyan kuɗin jarka, kwamiti ya ɗauke wa baƙi na watan farko. A haƙa masai tun makon farko.

Itace kuwa, ku yi wa baƙi bayani tun kafin su ɗauki gatari. A ƙasar Maraɗi manomi yana renon 'ya'yan itacen da suka tsiro a gonarsa, gawo da kalgo da sabara, yana sassabe su yana tsaronsu shekara da shekaru. Baƙuwar da ba ta sani ba za ta ga itace a fili ta sara, kafin la'asar magana ta kai gaban mai gari, ko ma jami'an gandun daji. A nuna musu inda ake ɗiban kara da busasshen itace da kashin shanu, kuma 'yan mata su riƙa fita tare da matan gari.

6. Abinci: yadda ake tarawa da rabawa

Tiya ɗaya ta gero, kusan kilo biyu da rabi, tana ciyar da mutum biyar zuwa shida a yini. Iyali mai mutum shida ke nan suna buƙatar wajen tiya 30 a wata, kusan kashi uku cikin huɗu na babban buhu mai tiya 40, ban da wake, mai, gishiri da kayan miya. Ku faɗa wa jama'a wannan lissafi a masallaci ranar Juma'a, don mutane sun fi bayarwa idan sun san iyakar abin da ake nema.

Abin da ya fi ɗorewa shi ne kowane gida ya ɗauki abin da zai iya duk mako, ko da rabin tiya ne, maimakon a yi taro ɗaya a tara da yawa a watse. Da kaka a roƙi manoma su tuna da baƙi a zakkar hatsi, a ajiye wani abu saboda watannin Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbun mai masaukin ma ya yi ƙasa. Abincin ƙungiyoyi, idan ya zo, ƙari ne. Yakan makara, yakan ragu, yakan yanke.

A ba da ɗanyen hatsi, a hannun uwar gida, a cikin gidanta. Kada a tara mutane a layi a bakin kasuwa. Mutum biyu ke kai rabo, ɗaya mace, kuma namiji ɗan kwamiti ba ya shiga wurin baƙuwa shi kaɗai. Wanda ya nemi wani abu a wurin mace a madadin taimako a cire shi nan take, a kai maganarsa gaba, ko ɗan wane ne.

Ga abin da na fi nacewa a kai: a cikin kowane rabo a sa gajiyayyun gari, gwauruwar da ke da marayu, tsohon da ba shi da mai noma masa. Ranar da talakan gari ya ga baƙo na cin abin da shi bai samu ba, daga ranar zaman lafiya ya fara lalacewa.

7. Kowane iyali da gidan da zai riƙe su

Manzon Allah (SAW) da ya isa Madina ya haɗa Muhajirai da Ansar mutum da mutum. Haka za ku yi. Kowane iyalin baƙi a haɗa su da gida ɗaya na gari, ba lalle wanda ya ba su ɗaki ba. Aikin wannan gida rakiya ne: a nuna musu injin niƙa, ranar kasuwa, yadda ake lissafin sefa da dala da jika don kada a cuce su wajen canjin naira, a tafi da su suna da biki da jana'iza.

Ku daina cewa "'yan gudun hijira" idan kuna kiransu. Malam wane ne, Inna wance ce. Wanda yake limami a garinsu a ba shi jan salla wata rana. Wanda yake da sarauta a gaishe shi da ita. A sa ɗaya daga cikinsu, mace ko namiji, cikin kwamiti da zarar sun huta, domin sun fi ku sanin wanda ke kwana da yunwa yana ɓoyewa. Wanda ba ya barci, ko yake firgita da ƙarar babur, ko ya daina magana, kada a ce masa ya yi haƙuri kawai a wuce. A zauna da shi, a ba shi abin yi, idan abin ya daɗe a kai shi asibiti.

8. Yara

Makarantar allo ba ta buƙatar takarda, saboda haka a kai su tun makon farko. Ita ce hanya mafi sauri da yaro zai yi abokai. Ta boko kuwa ana komawa a watan Oktoba, kuma da Faransanci ake karatu, alhali wanda ya taɓa shiga aji a Najeriya Turanci ya sani. Ku je wurin darakta da kanku. Ƙanana ba su da matsala. Manya za a iya mayar da su baya da aji ɗaya ko biyu, kuma kunya kan sa su gudu, don haka a nemi ɗalibin sakandare ya riƙa yi musu darasi da yamma. Ku sa ido kan masu zuwa neman 'yan mata aikatau a birni, da masu kawo sadaki ga yarinya ƙarama don sun ga uban ba shi da komai.

9. Gona da sana'a

Daga wata na biyu wannan ne babban aikinku. Ku koma littafi ku duba abin da kowa ya iya. Maƙeri a kai shi maƙera, tela a nemo masa wanda zai ba shi keke da yamma, mahauci a gabatar da shi ga sarkin fawa. Kada ku saya wa kowa jarin abin da bai taɓa yi ba, kuma kada mata goma su fara tuyar ƙosai a layi ɗaya inda 'yar gari take da kaskonta tun da daɗewa. A rarraba: wata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wata awara, wata saƙar tabarma, wata surfe.

Mata su shiga asusu. Tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi aka fara shi a 1991, kuma da wuya ka sami ƙauyen da babu irinsa. Kwamiti ya biya wa baƙuwa zubin makonnin farko, bayan nan ta ci gaba da kanta. Idan akwai mai hali, ya ba da jar akuya kiwo irin na habbanaye: ta haihu, a bar wa baƙuwa 'ya'yan, uwar ta wuce gida na gaba.

Gona ita ce mai wuya, don ƙasa ta yi ƙaranci a nan. A nemi aro tun watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka, tare da iri da kalme. A rubuta yarjejeniyar a gaban mai gari da kwamitin filaye na ƙauye, a faɗi damina nawa, a faɗi cewa aro ne, don mai gona ya sami natsuwa, baƙo kuma kada a karɓe masa bayan ya zuba taki. Idan gona ba ta samu ba, akwai ƙwadago, akwai noman rani a fadamar Gulbi. Ku tabbata ana biyansu daidai da 'yan gari. Biyan baƙo rabin lada zalunci ne gare shi, kuma yana karya farashin ɗan gari.

10. Janye hannu, da maganar komawa

Tun farko ku gaya wa iyalin tsarin: cikakken rabo zuwa kaka ta farko, rabi bayan nan, sannan a tsaya, sai ga tsofaffi, marasa lafiya da masu marayu. Duk wata kwamiti ya zauna ya karanta littafin kaya a bainar jama'a, ya duba iyali ɗaya bayan ɗaya.

Za su yi maganar komawa gida, musamman idan damina ta matso. Shawarar tasu ce. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta Afirka ta 1969 ta hana a tilasta wa kowa komawa inda ransa ke cikin haɗari, kuma yanke wa mutum abinci don ya gaji ya tafi shi ma tilas ne. Wanda ya ƙudura tafiya, ku ba shi shawara namiji ɗaya ya fara zuwa ya gano, mata da yara su jira. A sanar da mai gari da ofishin da ya yi musu rajista. A rubuta ranar tafiya da lambar wayar da za a same su. Ɗakin kuma kada a ba wani sai bayan wata biyu, domin da yawa sukan dawo, wani lokaci da ƙarin mutane.